Mahaifiyarka Ce Ta Zama Babban Yaya?

Ƙannena, yau da ɓacin rai na zauna rubutu, gara in faɗa muku tun daga farko.

Shekaranjiya muka yi zama da wasu matasa masu son karatu. A cikinsu akwai wani yaro da nake ji da shi ƙwarai, mai kaifin kai, wanda ni da hannuna na fara ba shi aron littafi. Ana cikin hira sai ya ɗaga littafin 1984 na George Orwell, ya ce shi ya gama bin garke, daga yau kansa kawai ya sani. Abokansa suka hau yi masa tafi. Da aka watse na ja shi gefe na tambaye shi me ya yi zafi haka. Ya ce mahaifiyarsa ce ta ishe shi da kira: ina kake, kai da wa, yaushe za ka dawo. Wai ita ce Babban Yaya, azzalumin shugaban nan na cikin littafin, mai ido a ko'ina. A cikin hirar nan kuma na gano amininsa na yarinta kwana tara ke nan yana kwance a asibiti, ko leƙawa bai yi ba. Dalilinsa shi ne ba ya yin abu don kawai mutane suna sa ran ya yi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Na sha ganin irinsa. Yaro ya karanta labarin ƙagaggiyar duniyar zalunci guda ɗaya, ko ma ya kalli gutsuren fim ɗin, sai ya naɗa kansa gwarzon labarin, duk wanda ke kewaye da shi ya koma tunkiya. A ce ya gaida na gaba da shi, danniya ce. A ce ya taya ƙaninsa aiki, an tauye masa 'yanci. A tambayi lafiyarsa, leƙen asiri ake yi masa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma wannan ƙuƙumin ya shaƙe da yawa daga cikinku.

Ba na musun cewa littattafan nan sun yi kuka da zaluncin taro. Sun yi, kuma da hujjarsu. Yevgeny Zamyatin ɗan Rasha ya rubuta nasa a wajajen 1920, sunan littafin ma da harshensu "Mu" yake nufi. Mutanen cikinsa ba su da suna sai lamba, kamar D-503, gidajensu na gilashi ne don kada kowa ya ɓoye komai, lokaci guda suke tashi, lokaci guda suke kwanciya. An hana buga shi a Tarayyar Sobiyet har sai 1988, alhali marubucin ya rasu yana gudun hijira a Faransa tun 1937. Ayn Rand, wadda ita ma daga Rasha ta fito, ta buga Anthem a 1938, inda aka shafe kalmar "ni" daga bakin mutane baki ɗaya, wanda ya furta ta kuma kashe shi ake yi. Duk wannan gaskiya ne. Mutum ba ƙusa ba ne da za a buga a inda aka ga dama, yana da hankalinsa da lamirinsa, kuma akwai ranar da dole ya tsaya shi kaɗai ya ce a'a ko da duniya ta ce i.

Amma don Allah ku buɗe littafin ku duba da kyau. Wane irin "mu" ne azzalumin yake ginawa, kuma wane "mu" ne yake fara rushewa?

Ku koma ga 1984 ɗin da kuke ɗagawa sama. An buga shi a 1949, Orwell ya rasu watanni kaɗan bayan haka, a farkon 1950, tarin fuka na cinsa. Abin da Jam'iyyar cikin labarin ta fi tsana shi ne mutum biyu su amince da juna ba da izininta ba. Ta raba miji da mata a zuci. Ta mayar da yara 'yan rahoto a kan iyayensu, har Parsons, maƙwabcin Winston gwarzon labarin, 'yarsa mai shekara bakwai ce ta kai ƙararsa saboda abin da ya faɗa cikin barci. Da suka kama Winston, sun doke shi, sun sa shi ya amsa laifukan da bai yi ba, amma ba su ɗauka sun gama da shi ba sai a Ɗaki na 101, ranar da suka kawo kejin ɓeraye gaban fuskarsa ya yi ihu a yi wa Julia masoyiyarsa, a ƙyale shi. Ranar da ya zaɓi fatar jikinsa ya sayar da wadda yake so, ranar ce ya karye. To kai da ka bar amininka a gadon asibiti don ka tsare 'yancinka, abin da aka yi wa Winston da azaba kafin ya yi, kai da ƙafarka ka je ka yi shi, har kana alfahari.

Kuma akwai wani wuri a littafin da ban taɓa jin ɗayanku ya ambata ba. Winston yana tuna lokacin da yake yaro cikin yunwa, ya fizge rabon ƙanwarsa mara lafiya ya ruga da gudu, mahaifiyarsa tana kiransa bai waiwaya ba. Da ya dawo bai same su ba, bai kuma sake ganinsu ba har abada. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda uwar ta rungume yarinyar, duk da ba ta da abin ba ta. Wannan rungumar ita ce abin da ya gane Jam'iyya ta kashe a duniya. Kai kuwa taka mahaifiyar tana raye, tana kira don ta ji muryarka, ka ɗauki sunan mugun labarin ka liƙa mata. Haba ɗan'uwa! Babban Yaya yana sa ido ne don ya kama ka. Ita idonta biyu har tsakar dare don tana tsoron kada wani abu ya kama ka. In ba ka iya bambance waɗannan biyun ba, me ka karanta?

Aldous Huxley ma, a Brave New World na 1932, haka ya nuna. A kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, a raba su aji-aji tun kafin su buɗe ido. Kalmar "uwa" ta zama batsa, in an faɗe ta sai a ji kunya. Ba mai riƙe kowa, ba mai makokin kowa, in rai ya ɓaci sai a haɗiye wata ƙwaya mai suna soma a manta. Da John, wani saurayi da ya tashi a wajen wannan tsarin, ya durƙusa yana kuka a gaban gadon mahaifiyarsa tana mutuwa, ma'aikatan asibitin gani suka yi ya aikata abin kunya. Wannan duniyar cike take da jin daɗi, kowa na bin son ransa, ba wanda wani ya rataya a wuyansa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, da rayuwar da kuke kira 'yanci da wannan, ina bambancin? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masana da suka duba mulkin kama-karya na zahiri sun faɗi haka tun tuni. Hannah Arendt, a littafinta na 1951, ta nuna cewa kaɗaici shi ne ƙasar da irin wannan mulki ke tsirowa a kai. A Jamus ta Gabas, hukumar leƙen asiri ta Stasi tana da 'yan rahoto na ɓoye sama da dubu ɗari, har da abokai da ma'aurata, don kowa ya ji tsoron kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Azzalumi ba ya tsoron mutum ɗaya da ya kulle kansa a ɗaki yana jin ya fi kowa wayo. Mutum uku da suka yarda da juna su ne ke hana shi barci. Tsinken tsintsiya ɗaya, ko yaro ya karya shi.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, masu cewa ba sa bin garke su ne kan gaba in an tashi yi wa wani rubdugu a intanet. Mutum ya yi kuskuren magana, kafin a ce kwabo dubu sun taru a kansa, kuma kana cikinsu, ba ka san shi ba, ba ka ji ta bakinsa ba. A 1984 akwai minti biyu da ake warewa kullum a taru a yi ta zagin maƙiyi a gaban allo, har wanda ba ya so sai ya tsinci kansa yana ihu. Ku naku ba minti biyu ba ne, yini guda ne. Kun ƙi jama'ar da ta san sunanku, mai iya ɗaukar ku in kun faɗi, kun bi ta baƙin da ba su san ko kuna raye ba. Laifi tudu ne.

Ga kuma wata cutar, ta rashin gama littafi. A samo taƙaitawa ta minti biyar, a ciro jimla ɗaya a manna a kan hoto, shi ke nan an zama masani. Ray Bradbury ya hango wannan tun 1953 a Fahrenheit 451. Kafin hukuma ta fara ƙona littattafai, mutane da kansu suka fara gajarta su, suka daina karantawa. Mildred, matar Montag gwarzon labarin, bango uku na ɗakinta allo ne, mutanen cikin allon take kira danginta, mijinta na gefe ba su ma tuna inda suka fara haɗuwa ba. Ita ce daga baya ta kai ƙararsa saboda ya ɓoye littattafai. Da ya gudu kuma, bai tsira shi kaɗai ba. Wasu mutane ya tarar a bayan gari, kowannensu ya haddace littafi ko wani sashe nasa, sai an haɗa su ake samun ɗakin karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Octavia Butler a Parable of the Sower na 1993 ta juya abin gaba ɗaya: Kalifoniya ce da hukuma ta yi rauni, kowa ta kansa yake yi, sai ƙone-ƙone da fashi. Yarinyar labarin, Lauren, da aka ƙone unguwarsu, tafiya ta kama zuwa arewa tana tsintar mutane ɗaya bayan ɗaya har suka zama al'umma. Ba wanda ke ɗaga wannan littafin a taro, don ba ya ba mutum lasisin watsar da nasa.

Ni dai na san lokacin da littafi ɗaya zai zaga hannu goma, ya dawo bangonsa ya yage, kowa ya karanta shi daga farko har ƙarshe don ya san za a tambaye shi. A yi ta gardama a kansa har dare, a tashi ba wanda ya ƙullaci wani. Wanda ya fi kowa karatu a cikinmu shi ya fi kowa saukin kai, shi ne kuma na farko a bakin ƙofar wanda ba shi da lafiya. Karatu a lokacin yana ƙara wa yaro kunya da tausayi. Yanzu sai ka ga yaro ya karanta shafi talatin ya fito yana kallon mahaifinsa a matsayin jahili. Ina aka baro wancan? Wa ya koya muku cewa zurfin tunani shi ne taurin zuciya? Orwell ɗin da kuke fakewa da shi, a ƙarshen 1936 ya bar ƙasarsa ya tafi Sifaniya ya yi yaƙi saboda mutanen da ba danginsa ba, har harsashi ya ratsa masa wuya a 1937. Mai cewa kansa kawai ya sani ba ya yin haka.

Ban ce ku zama 'yan amshin shata ba. Ku yi tambaya, ku ƙi ƙarya ko daga bakin wa ta fito, in an taru a kan zalunci ku janye jikinku ko da za a zage ku. Amma ku gyara, ku san wanda kuke wa tawaye. Ku koma ku karanta littattafan nan har shafin ƙarshe, a natse, waya a kife.

Shi kuwa yaron nan, jiya na sake kiransa. Na ce masa gobe da yamma zan biyo mu je asibitin tare, in ya so a hanya ya yi mini duk gardamar da yake so a kan Orwell. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai duba ya gani. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kwantar da amininsa, kuma an ce mini duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai ya ɗago kai ya duba.