Zanzibar: Babur mai ƙafa huɗu ya shigo ƙauye ba sallama

Mutanen Zanzibar, tsibiran da ke ƙasar Tanzaniya, suna da wata kalma da Bahaushe zai gane tun kafin a fassara masa. In ka isa ƙofar gidan mutum ba ka kutsa kai, sai ka tsaya ka ce "hodi", ka jira a amsa maka da "karibu". Sallamarsu ke nan.

Na tuna da kalmar ne wata hantsi a wani ƙauye na arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Ina zaune a gindin mangwaro ina shan ruwan kwakwa, sai na jiyo ƙugi daga nesa kamar an tayar da injin niƙa goma a lokaci guda. Kafin in waiwaya, wata dattijuwa da ta shanya yankakken rogo a bakin hanya ta riga ta fara naɗe tabarmarta. Ta san abin da ke tafe. Sai ga su a jere, babura masu ƙafa huɗu, jagora a gaba, baƙi a baya, kowa da hular kwano da tabarau da ƙyalle ɗaure a hanci. Wato dai masu harkar sun san akwai ƙura, har sun tanadi kariya. Amma rogon tsohuwa, da wankin da ke kan igiya, da jaririn da ke goye a bayan wata mata, babu wanda ya ba su ƙyalle.

Ayarin ya tsaya. Yara suka fito da gudu suna kiran "pipi, pipi", wato alewa. Aka buɗe leda aka raba, aka ɗaga wayoyi aka ɗauki hotuna, wani baƙo ya ɗora wani yaro a kan babur aka yi dariya. Ko minti goma ba a yi ba aka sake tayar da injuna. Ƙurar ta fi baƙin daɗewa a garin.

Ga wanda bai san harkar ba, haka take tafiya. Baƙo yana kwance a otal a garuruwan bakin teku irin su Nungwi ko Kendwa ko Kiwengwa, ya gaji da yashi da iyo, sai a tallata masa yawon 'yan sa'o'i a cikin daji da ƙauyuka. Zai biya da dala, a nuna masa totur da birki, a ce ya bi bayan jagora. Za a ratsa da shi gonakin rogo da ayaba, a tsaya a gindin wata tsohuwar kuka, a sha kwakwa, a leƙa ƙauye, a dawo. Ana yin irin wannan a tsibiran shaƙatawa da dama na duniya, daga Bali har zuwa Karibiyan. Na ɗauki Zanzibar ne saboda ƙauyenta ya yi kama da namu: masallaci a tsakiya, makarantar Alƙur'ani a gefe, mata da lulluɓi, kusan kowa Musulmi.

Ku dubi tallan da kyau. Babur ana samunsa ko'ina, ƙura kuwa ba a zuwa wata ƙasa nemanta. Abin da ake sayar wa baƙon shi ne ya ga "ainihin rayuwar Zanzibar", ya ga yadda talaka yake kwana yake tashi. Ƙauyen shi ne hajar. Ga mai saye, ga mai sayarwa, ga dillali a otal da ke karɓar la'ada, amma mai kayan ba ya wurin da aka yi ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce na zo da ƙiyayyar baƙi. Zanzibar ba ta da wata mafita daga yawon buɗe ido a yanzu. Kanumfarin da ya yi mata suna tun zamanin sarakunan Oman ya daɗe da daina riƙe ta shi kaɗai, kuma yawancinsa a Pemba, tsibiri na biyu a girma, ake nomawa. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, matasa kuwa sun fi yawa. A 2023 baƙin da suka shigo daga ƙasashen waje sun haura dubu 600, adadin kuma ƙaruwa yake yi. Duk wanda ya ce a rufe ƙofa, sai ya faɗi abin da za a zuba a tukunya.

Na yi hira da jagoran wannan ayari da yamma, saurayi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba. Yana jin Turanci, yana ɗan taɓa Italiyanci, ya kuma iya gyaran babur ɗin da kansa. Na lura cewa da safe, da ya sauka, sai da ya rusuna ya ce wa dattijuwar "shikamoo", ta amsa da "marahaba", gaisuwar ƙarami ga babba. Yaro ne mai tarbiyya. Da na yi masa maganar ƙura, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ni ma a irin wannan ƙauyen aka haife ni. In na bar wannan aiki, ko dai in koma teku ko in hau acaɓa. Baburan ba nawa ba ne, hanyar ma ba ni na zaɓa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma maganarsa ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin. Wa ya zaɓi hanyar? Wa aka tambaya?

Hanyar da ake kira "daji" a takardar talla ba daji ba ce. Hanyar rijiya ce, hanyar gona ce, hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, da amalanken shanu, da mai keke ɗauke da itace. Mutanen gari suka tattake ta da ƙafa shekara da shekaru, su ne kuma ke cike ramukanta. A lokacin masika, babbar daminarsu ta watan Maris zuwa Mayu, tayoyin nan masu manyan haƙora suna tona ƙasa su bar kwari, baƙi kuma taɓon suke so, don shi ne ke ƙawata hoto. Ruwa na ɗaukewa sai kwarin ya bushe ya zama tarko ga mai keke. A gabashi da arewacin tsibirin ƙasar noma ba ta da kauri, 'yar shimfiɗa ce a kan dutsen murjani, abin da taya ta kwashe ba ya dawowa da wuri. Kamfani yana gyara babur ɗinsa kullum. Hanyar da ke ciyar da shi kuwa ya bar wa masu ita.

Bakin teku ma ba fili ne da babu mai shi ba. A Paje da Jambiani, tun wajen 1989 mata suke noman ciyawar teku, wadda suke kira mwani. Idan ruwa ya janye sai su shiga da igiyoyi da turaku, in sun girbe su shanya a gaɓa. Kunkurun teku a cikin yashi yake haƙa rami ya zuba ƙwai, har ma mutanen Nungwi suna da wurin kula da kunkuru a Mnarani. Babur mai nauyin ɗaruruwan kilo ba shi da abin yi a irin wannan yashi.

Sai maganar alewa, wadda ta fi komai tsaya mini a rai. Mai rabon da zuciya ɗaya yake yi, na yarda. Amma ku duba abin da ake koya wa yaro: ƙarar inji tana nufin kyauta, don haka da ya ji ta sai ya ruga wajenta. An mayar da abin da ya kamata ya guje wa ya zama abin da yake tarya, alhali wanda ke kan babur ɗin yau ya fara hawansa. Banda haɗari, akwai tarbiyya. Mu da muka san yadda bara ke cin mutuncin yaro a titunanmu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Yaron da ya saba miƙa hannu ga farar fata tun yana shekara biyar, da wuya ya manta. Hotonsa kuwa yana can yana yawo a Instagram, ba a tambayi uwarsa ba, ba a tambayi ubansa ba. Wanne daga cikin waɗannan baƙi zai yarda wani ya faka a ƙofar gidansa a Milan, ya ba ɗansa alewa, ya ɗauke shi hoto ya wuce?

Shi kansa baƙon ba a gaya masa gaskiya duka. Ganin taya huɗu yana sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka ƙaramar mota ce. Tarihin na'urar ya isa gargaɗi. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, ta yi ta kifewa da mutane har aka dakatar da sayar da sababbi a Amurka a 1988. Mai ƙafa huɗu, wadda Suzuki ya fara fitarwa a farkon shekarun 1980, ta fi zama daram, amma ba ta daina kifewa ba, domin tana da tsayi kuma ba ta da faɗi. Mahayi sai ya karkata jikinsa a kwana, in bai iya ba ita za ta karkata da shi, in ta faɗi kuma a kansa take faɗawa. Ostireliya, inda manoma suka daɗe suna mutuwa a ƙarƙashinta, ta wajabta tun 2021 a sa wa sababbin na aikin gona ƙarfen da ke hana su danne mahayi. Ga kuma totur da ake dannawa da babban yatsa. Mutum in ya firgita damƙe hannu yake yi, damƙewar kuwa ƙara wuta ce. Bayanin minti biyar a bakin gareji ba ya cire wannan.

Ina faɗin haka ne har da 'yan'uwanmu, don yanzu ango da amarya daga Najeriya suna zuwa Zanzibar hutun bayan biki. Hajiya, in za ki hau, ki tattare mayafi da bakin doguwar riga, taya ba ta san amarya ba. Alhaji kuma ka karanta takardar inshorarka, da yawa daga cikin inshorar tafiya ba sa biyan raunin da aka ji a kan irin wannan babur.

To me ya kamata a yi? Ba na goyon bayan haramtawa. In aka haramta, saurayin nan zai rasa abin yi, masu kuɗin kuma su koma wata harkar gobe da safe. Abin da nake gani shi ne a mayar da mai kayan wurin ciniki. Zanzibar tana da tsarin da ya dace da wannan aiki: kowace unguwa ko ƙauye, wadda suke kira shehia, tana da sheha, kamar dai mai unguwa ko dagaci a wurinmu. Kada a ba kamfani lasisi sai ya kawo yarjejeniya a rubuce da kowace shehia da zai ratsa. A cikinta a faɗi hanyar da za a bi da wadda aka hana, a nisanci rijiya da makaranta da maƙabarta, a tsayar da lokaci don kada a yi karo da tashin 'yan makaranta ko sallar Juma'a. Idan an iso gari a kashe inji a bakin gari a shiga da ƙafa. Sannan kowane babur da ya wuce a ajiye wani kaso sananne a asusun gari, wanda za a karanta a bainar jama'a, don kada abin ya tsaya a aljihun sheha shi kaɗai. Mai son kyauta ya kai littafi da alli ga malamin makaranta.

Za a ce wannan zai ƙara tsada, baƙi su gudu. Ban yarda ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi daga Turai, ya kama ɗaki a bakin teku, 'yan daloli kaɗan ba za su kore shi ba. Gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi ma ta gwada wannan da kanta: tun Oktoban 2024 ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora ta dala 44 kafin ya shigo, aka yi ta surutu, jirage kuma ba su daina sauka ba. A 2021 hukumomin tsibirin sun yi gargaɗin tara ga baƙin da ke yawo cikin gari da shigar bakin ruwa, har da jagororinsu. Gwamnatin da ta iya sa ido a kan tsawon wandon baƙo, ba za ta ce gudun babur a gaban makaranta ya fi ƙarfinta ba.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, shi ne cewa wasu mutanen ƙauyen suna son ayarin yadda yake. Mai sayar da kwakwa yana ciniki, wata tana sayar da tabarma, yara suna murna. Haka ne, kuma ba ni da hurumin in zauna daga nesa in yanke musu hukunci. Shi ya sa ma na ce a tambaye su. Wani gari zai ce a zo kullum, wani ya ce sau biyu a mako, wani ya ce a zagaye ta bayan gari. A hawan sallah a Kano ko Katsina baƙi suna zuwa kallo daga ko'ina, amma masu gari ke tsara hanyar da doki zai bi da inda baƙo zai zauna, kuma ba mu taɓa jin baƙon ya yi fushi ba.

Bayan ayarin ya wuce a wannan hantsi, dattijuwar ta jira ƙura ta kwanta, ta sake baza tabarma, tana ɗaukar rogon ɗaya bayan ɗaya tana hurewa. Na ce mata, "Sannu Inna, an gama ke nan na yau?" Wani yaro ya fassara mata. Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta nuna yamma da hannu. Akwai na la'asar.