Yashe kwata kaɗai ba zai hana ambaliya a Kano ba

Wani labari ya ce yashe magudanan ruwa kafin damina zai kawo ƙarshen ambaliya a birnin Kano, ni kam ina da ja. Yashewa na da amfani, amma in aka tara yashi da ledojin fiya wata a bakin kwata aka bar su, ruwan farko ne zai mayar da su ciki. Dole motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ta kwashe a ranar. Babbar matsalar ita ce kududdufan cikin gari da aka cike aka yi gini a kai. A da su ke tare ruwan unguwanni kafin ya gangara rafin Jakara, yanzu ba shi da masauki sai zaurukan mutane, gidan ƙasa kuwa da tushensa ya jiƙa sai ya zube. Ruwan da ya kwanta kuma shi ke kawo sauro. Masu cewa feshi ne maganin sauro su sani, feshin cikin ɗaki manyan sauro kawai yake kashewa. Tsutsar tana cikin ruwan da ya kwanta a rana, ramin da aka ɗebi ƙasar gini ko sawun tayar mota, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ta zama sauro. Iyaye kuma, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina na kwana uku ne a jere, kada a tsaya a na farko. Wa ke sa hannu a takardar izinin gini a kan hanyar ruwa?