Tarin da tsoho ke yi a bakin kwano ba na banza ba ne

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke jingina wa tsufa laifin komai. Tsoho ya rage cin abinci, a ce tsufa ne. Ya kurɓi ruwa ya ƙware har idanunsa suka kawo hawaye, a bubbuga masa baya a ce sannu Baba, shi ke nan an wuce wajen.

Ni ma na yi wannan kuskuren a kan kakata. Mun yi watanni muna yi mata mita wai ba ta son cin abinci, muna cewa rigimar tsufa ce. Ta kan daɗe da loma a kunci ba ta haɗiye ba, in ta sha ruwa kuma muryarta ta koma kamar mai magana da ruwa a maƙogwaro. Sai da ciwon huhu ya kwantar da ita sau biyu, likita ya tambaye mu ko tana tari lokacin cin abinci. Muka kalli juna. Ashe ƙaramar shanyewar jiki ce ta taɓa ta ba mu sani ba, tunda hannu da ƙafa suna aiki. Ba ƙin abinci take yi ba, tsoronsa take ji.

Haɗiya ba ƙaramin aiki ba ne, don dai muna yin ta ba tare da tunani ba ne. Tsokoki fiye da 30 ne ke haɗa kai wajen tura loma guda. A cikin wuya hanyoyi biyu ne maƙwabtan juna: bututun iska a gaba, bututun abinci a bayansa. Idan za a haɗiye, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci har lomar ta wuce. Duk wannan ƙwaƙwalwa ce ke tsara shi. Idan saƙonta ya makara ko da ƙiris, abin da ya nufi ciki sai ya ɓata hanya ya nufi huhu.

Gaskiya ne shekaru na rage ƙarfin tsoka, har da ta harshe da ta wuya, haɗiya kuma ta yi nawa. Amma tsufa kaɗai bai kamata ya sa mutum ƙwarewa kullum ba. In ka ga haka, akwai abin da ke ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ce kan gaba: kusan rabin waɗanda ta kama suna samun wahalar haɗiya a kwanakin farko, ko da yake da yawa suna farfaɗowa cikin makonni. Akwai cutar Parkinson mai sa karkarwa da sandarewar jiki, wadda ke sa yawu ya taru a baki, ba don ya yi yawa ba, sai don ba a haɗiye shi a kai a kai. Mai ciwon mantuwa kuwa yakan kai matakin da zai riƙe abinci a baki ya rasa abin da zai yi da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun ruwa. Duk muna ɗauka ruwa ya fi komai sauƙin wucewa, shi ya sa da tsoho ya ƙware muke miƙa masa kofi mu ce kora. Alhali ga wanda matsalarsa daga ƙwaƙwalwa ko jijiya take, tsinkakken ruwa ya fi haɗari, saboda yana gangarawa da gudu kafin murfin nan ya rufe. Abu mai ɗan kauri ya fi ba maƙogwaro lokacin shiryawa. Mafi muni kuma, wasu ko tarin ba sa yi. Jin maƙogwaronsu ya dusashe, ruwan ya silale cikin huhu shiru, sai dai a ga zazzaɓi da ciwon ƙirji suna ta dawowa, kowa na neman dalili a wani wajen.

Wani lokacin matsalar ba a wuya take ba, a ƙasa take. Idan tsoho ya ce abinci na tsaya masa a ƙirji, a saurare shi da kyau. Ƙwannafin shekara da shekaru na iya ƙona bututun abinci har ya tsuke. Idan kuma abin ya fara da abinci mai tauri, sannu a hankali mai laushi ma ya gagara, ga rama tana ƙaruwa, wannan ba na a jira a gani ba ne, domin haka sankarar bututun abinci ke sallama. A kai shi a leƙa da kyamarar da ake zurawa ta baki.

Akwai kuma ƙananan dalilai da muke rainawa: giɓi, haƙoran roba da suka yi sako-sako, farin ƙuraje a harshe, da bushewar baki da wasu magunguna ke jawowa, irin na mura da ƙaiƙayi da masu sa fitsari. Ba yawu, ba loma. Su kansu ƙwayoyin, a daina daka su a zuba a ruwa ba tare da tambayar likita ko mai haɗa magani ba, don wasu an yi su ne su narke a hankali cikin sa'o'i, daka su na sa maganin ya shiga jini gaba ɗaya.

Da muka gane, sai muka sauya yadda muke ciyar da kakata. Ba ta ƙara cin komai a kishingiɗe ba. A zaunar da ita sosai, ƙaramin cokali, ba hira ba gaggawa, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. In ta gama a duba kuncinta ko akwai saura, a wanke mata baki, domin ƙwayoyin cutar baki ne ke bin yawu su sauka huhu. Sannan ta zauna aƙalla minti 30 kafin ta kwanta. Abincin da a dā muke cewa ta ƙi, yanzu takan yi kusan awa guda a kansa, amma tana cinyewa.