Waɗanda suka zauna a gida lokacin Yaƙin Hitila

Duk shekara, ranar 15 ga Janairu, ana ajiye furanni domin tunawa da sojojin da suka rasu a fagen fama, ciki har da kakanninmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma hakan daidai ne. Abin da ke damuna shi ne waɗanda suka zauna a gida suka ɗauki nauyin yaƙin a wuyansu, ga shi suna ta ƙarewa ba wanda ya tambaye su komai.

Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ƙasar Jos. Daga wannan shekara zuwa 1944 aka yi ta kwasar maza daga larduna kamar Sakkwato da Katsina da Bauchi da Barno zuwa aikin tilas a ramukan kuza. Umarni ya fito daga Razdan zuwa En'e, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa, a ƙarshe talakan da ba shi da mai tsaya masa shi ake ɗauka. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ya tarar da sanyin tsauni, babu bargon kirki, babu isasshen abinci, da yawa kuwa ba su dawo ba. A gida an bar mata da gona, an matsa a noma gyaɗa, an kwashi hatsi domin ciyar da leburori, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuyar samu, alhali jiragen yaƙi suna ta sauka a Kano a kan hanyarsu ta zuwa Masar.

Takardun Turawa suna nan a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, amma lissafin tan-tan na kuza da yawan leburori suka fi kula da shi. Ba za ka samu a cikinsu yadda uwa ta ɓoye ɗanta a rumbu ba, ko abin da aka zuba a miya da gishiri ya ɓace, ko waƙar da mata suka yi a bakin turmi suna zambo ga dagaci. Wannan yana bakin tsofaffi ne kawai, kuma wanda yake da shekara goma a 1942 yau ya haura casa'in.

A ganina bai kamata mu jira gwamnati ba, tun da kowannenmu yana da waya a aljihu da zai iya naɗar muryarsu. A je wurin kaka, musamman mata, domin su aka fi mantawa, a nemi izininta, a zauna bayan la'asar ba tare da gaggawa ba. Kada a ce mata ta ba da tarihin yaƙi, za ta ce ba ta sani ba. A tambaye ta wa aka ɗauka a gidansu, wa ya nome gonarsa, yaushe ya dawo. A rubuta sunan garin da ranar hirar, a ba 'yan uwa kwafi, sannan a kai wani kwafin zuwa sashen tarihi na jami'a mafi kusa ko Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, domin waya tana lalacewa ko a sace ta.