Tirelar Beljiyam da babbar taya: inda gas ke zurarewa

A nan Jamus ba a sauya girman tayar tirela da ka. In ka sauya, dole a sake daidaita na'urar da ke rubuta gudu da tafiyar direba. A gida Najeriya kuwa da zarar tirela ƙirar DAF ko MAN ta sauka daga jirgi, sai a cire taya mai lamba 315/70R22.5 a ɗaura wadda ta fi ta tsayi, 315/80R22.5, wai doguwar taya ta fi cin hanya da ɗan mai.

Lissafin yana da ƙamshin gaskiya. Tsayin ta farko wajen milimita 1,013 ne, ta biyu 1,076, bambancin kusan kashi 6 cikin 100. Da aksul mai 2.64 a giyar ƙarshe, wato inji ya juya sau 2.64 kafin taya ta juya sau ɗaya, a gudun kilomita 80, inji zai sauko daga juyi 1,140 a minti zuwa wajen 1,070. A shimfiɗaɗɗen titin Turai, da nauyin da bai wuce tan 40 ba, ana iya samun sauƙi.

Amma motar da ma an ƙera ta da doguwar giya, kai kuma ka ƙara mata tsawo, ka lafta mata siminti fiye da ƙima, ka nufi Hawan Kibo. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da wannan kashi 6 ɗin. Wajen tashi kuloci ke shan wuya har ka ji ƙauri. Direba ba ya iya zama a giyar ƙarshe, kullum yana ƙasa da ita, inji na kuka, gas na tafiya. Mita ma ta koma ƙarya: ka yi kilomita 1,000 ta nuna wajen 940, mai mota ya hau zargin direba da sayar da mai.

Ban ga laifin mai son babbar taya ba, ramukanmu sun isa hujja, kuma ta fi ɗaukar nauyi. Sai dai a haɗa da sauya haƙoran aksul zuwa irin su 3.08 ko 3.36, gwargwadon kaya da hanya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne gwama sabuwa da suɗaɗɗiya a gefe guda. Doguwar ta ɗauke nauyin ta yi zafi, gajerar tana gogar kwalta. A auna tsayinsu kafin a haɗa, a kuma duba iska da safe taya na sanyi, da geji, ba da bugun sanda ba.