Garin Kwakwa Ba Ya Maye Gurbin Fulawa Kofi da Kofi

Da Kirsimeti ta matso sai ka ji ana ta maimaita wa masu bin tsarin abinci na keto, wato na rage cin sitaci da sukari sosai, cewa su cire fulawa, su zuba garin kwakwa daidai awonta, kek ya haɗu. A ido kam duk gari ne, shi ya sa maganar ke shiga kunne.

Sai dai garin kwakwa tsokar kwakwa ce da aka tatse, aka busar, aka niƙa. Shan ruwa yake kamar soso, kuma ba shi da sinadarin gulutin da ke ba kwaɓin fulawa danƙo har ya riƙe iska ya tashi. Idan aka auna shi kofi da kofi, kek ɗin zai fito a bushe, yana marmashewa tun kafin wuƙa ta ratsa shi.

Kek ɗin da ke cin fulawa kofi 1, rubu'in kofi na garin kwakwa ya ishe shi, tare da ƙarin ƙwai 1 ko 2, domin ƙwan ne zai riƙe shi. A bar kwaɓin ya huta minti 10. Da farko zai yi kamar ya tsinke, nan ne da yawa ke gaggawar ƙara gari su ɓata aikin. Idan bayan hutun ya yi tauri, a sassauta shi da madarar kwakwa, cokali ɗaya-ɗaya.