Yadda na yanka atamfar lefen Mama saboda maki 30

Wai ni da na shiga makaranta don in karanci aikin jarida, in riƙa saka kwat ina karanta labarai a talabijin, yau ga ni duk ƙarshen wata ina biyan bashin atamfa. Toh bari dai in ɗauko muku daga tushe.

Zangon da ya wuce ne lakcaranmu ya shigo aji, irin malaman nan da suka je kwas na wata uku a waje suka dawo komai sai sun ce ai a can ba haka ake yi ba, ya ce bana babu tes, firojek za mu yi na maki 30. Kowane gurup zai fitar da wani abu wai shi zin, wato 'yar ƙaramar mujalla da mutum ke haɗawa da hannunsa, ya yanka ya manna ya yi fotokwafi ya raba wa jama'a, ba ruwanka da kamfani, shafi 24, sannan a haɗa da fim na minti goma. Mu abin da ya faɗo mana a ƙuri'a shi ne irin wankan da mawaƙan andagirawun na Kaduna ke ɗauka. Ya rubuta a allo ya kaɗe hannu ya fice abinsa.

Mu biyar ne a gurup ɗin. Mutum biyu tun ranar da aka buɗe gurup a WhatsApp suka turo "Allah ya ba da sa'a" ba mu sake jin ɗuriyarsu ba sai ranar rubuta suna a bango. Saura ni Edita, da abokina da ya naɗa wa kansa sarautar Darakta don kawai wayarsa ta fi tamu kyamara, sai wata baiwar Allah da muka ba ajiyar kuɗi, dubu biyar biyar muka haɗa, kuma wallahi ko ruwan leda za ka saya sai ta ce ina rasit.

Matsala ta farko ba wanda ya san mene ne andagirawun a cikinmu kuma girman kai ya hana mu tambaya. Darakta ya ce ai fassarar a fili take, ƙarƙashi ake nufi, kuma duk faɗin Kaduna ba inda ya kai ƙarƙashin gadar Kawo zama ƙarƙashi. Muka hau keke muka tafi. Ko gama sauka ba mu yi ba 'yan kamasho suka rufe mu, Zariya ne ko Kano, wani har ya fizge jakar Darakta ya yi gaba da ita. Da ƙyar muka kuɓuta muka tambayi wani mai shayi ina mawaƙan wajen nan, ya nuna mana wani dattijo mai gurmi a gefe. Dattijo ya tambayi sunan Darakta da na babansa, ya wasa shi tas, ya ce shi ne bajimi ɗan bajimi, kan Darakta ya kumbura ya zaro ɗari biyar daga kuɗin gurup ya miƙa. Ma'aji ta ce ina rasit.

Wanda ya fitar da mu daga duhu wani yaro ne mai tura waƙoƙi da caji a bakin layinmu. Sai da ya yi dariya har da riƙe ciki sannan ya ce yaya ai andagirawun su ne waɗanda gidan rediyo bai san da zamansu ba, ba mai ɗaukar nauyinsu, ba a gayyatarsu biki, waƙarsu daga waya zuwa waya take yawo ta Xender, wanda ya ɗan samu data ya ɗora a Audiomack ya zauna yana ƙirga mutum nawa suka ji, rabi kuma shi ne da kansa. Ya ce ku zo bayan la'asar in kai ku.

Sutudiyon a Tudun Wada yake, wani ɗaki a bayan shagon mai gyaran fanka, in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. An manne ko'ina da kiret ɗin ƙwai da yankakkiyar tsohuwar katifa wai don kar sauti ya dawo, makirfon kuma an sa masa safa a jikin wayar hanga don ta tare iskar baki, safar ma ba sabuwa ba ce, kowa ya shiga ɗakin zai shaida. Furodusa na zaune gaban wata laftof da aka ɗaure murfinta da salatif yana haɗa kiɗa a FL Studio. Amma fa maganar gaskiya da ya saki kiɗan sai da tsigar jikina ta tashi, yaran nan sun iya, ba wasa. Su huɗu ne, ɗaya yaron mai walda ne a Panteka, ɗaya yana jan keke, ɗaya ɗalibi kamar mu, na huɗun kuma daga Barnawa yake tsallako gada kullum, shi yana zuba Hausa da broka a baiti ɗaya ba ka jin inda ya haɗa su.

Suka ce sun yarda a ɗauke su amma da sharaɗi, ba fuska. Na ce haba mujallar gayu ce fa, yaya za a yi gayu ba fuska? Mai walda ya ce malam babana ladan ne, shi a saninsa lesin nake zuwa da yamma, in ya ga fim ɗin nan sai dai ku zo ta'aziyya. Nan na gane ashe andagirawun ɗin namu na Kaduna ba daga gwamnati ake ɓuya ba, daga tsoho ake ɓuya.

Sai kuma batun kaya. Ni na ɗauka za mu tarar da sarƙoƙi da manyan kambas irin na bidiyo, ashe jaket ɗaya ce tak suke karɓa-karɓa su huɗu, duk wanda zai ɗauki hoto shi ke sawa. Dole muka nufi Kasuwar Barci ranar da ake fasa dila, muka tsuguna cikin gwanjo muna tono kamar kaji, muka samo jaket ɗin jins guda uku da wani wando da mutum biyu za su shiga su yi hira a ciki da hula hana-sallah guda huɗu. Muka shimfiɗa su a sutudiyo, Ma'aji ta kalla ta taɓe baki ta ce wannan ai ko a Legas ko a Amurka haka suke sawa, ina Kadunan a ciki? Kuma ta yi gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi kenan.

A nan ne shaiɗan ya raɗa min wata dabara. Na ce me zai hana a yanko atamfa a lilliƙa a bayan jaket ɗin da aljihu da bakin hannu, gwanjo a waje gida a ciki. Kowa ya ce kai Edita kanka na ja. Kuɗin atamfa fa? Babu, an ba mai gurmi.

Mama tana da wani tsohon akwati a ƙarƙashin gado da ba ta buɗewa sai shekara shekara, ta fito da kayan ta shanya ta sake zuba kafur ta mayar. Ranar ta tafi suna Rigasa, na jawo shi, can ƙasa na ga wani turmi ruwan ganye da ɗorawa, ko ninkinsa ba a taɓa warwarewa ba. Na ce a raina abin da ya shekara ashirin da wani abu ba a ɗinka ba ai an manta da shi, taimakonsa ma zan yi ya ga duniya.

Telan da muka kai wa a Kasuwar Barci dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci. Ya warware atamfar, ya murza ta da yatsa, ya kai hanci ya sunsuna, ya duba rubutun da ke bakin zanin, sai ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce ɗana ina ka samo wannan? Na ce Mama ce ta ba ni. Ya ce ta ba ka? Na ce eh Baba. Ya ce da hannunta? Na ce eh. Ya ajiye almakashi ya ce wannan 'yar Kakuri ce, a masaƙun unguwar Kakuri ta garin nan aka buga ta, shi kansa ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun kafin ya koma kan keke. Daga nan fa aka buɗe mana lacca, yadda aka buɗe masaƙar KTL tun 1957 zamanin Sardauna, yadda in aka tashi daga aiki kekuna ke cika titin Kakuri ba masaka tsinke, yadda KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL mai buga atamfa ita ma ta rufe a 2007, yanzu sai dai ciyawa da ƙadangaru. Ya ce irin wannan ko da kuɗinka ba za ka same ta a Kasuwar Gumi ba. Mai hankali a nan zai naɗe kayansa ya gudu gida. Ni kuwa sai na zaro biro ina rubutawa ina cewa Darakta ka ga mun samu labarin shafi na tsakiya. Baba tela ya ce bismillah, ya sa almakashi, har yau ina jin ƙarar nan ƙyaras a kunnena.

Jaket ɗin sun yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba.

Ranar ɗaukar fim muna shiga sutudiyo aka ɗauke wuta, aka tayar da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, minti biyar ba a yi ba ruwan Agusta ya sauko a kan rufin kwano. Mai walda yana ba mu labari mai taɓa zuciya, yadda yake rubuta baiti a bayan kwalin waya lokacin da ogansa ya tafi sallah, mu duka mun yi tsit, Ma'aji har da share ido. Da muka dawo gida muka kunna ba abin da kake ji sai tatatata da shaaaa, ga mutum sanye da takunkumi yana ta wurga hannu kamar mai faɗa da ƙudan zuma. Rabin fim ɗin Darakta ya ɗauka a tsaye rabi a kwance, babban yatsansa ya fito a kusan kowane sin har na ce a sa sunansa cikin 'yan wasa, kuma daidai inda ɗan Barnawa ya saki baitin da ya fi kowanne wayar ta ce memori ya cika. Haka na kwana uku a CapCut ina rubuta abin da nake zaton sun faɗa a ƙasan hoto.

Mujallar kuma ita ce ta kusa sa ni kuka. Ashe in za ka yi shafi 24 da takarda A4 shida ka ninke biyu, ba a jera su ɗaya biyu uku, shafi na 24 da na 1 su ke zama gefe ɗaya, bayansu na 2 da na 23, haka har a haɗu a tsakiya. Ba wanda ya gaya min. Na jera nawa tiryan-tiryan na kai wa mai fotokwafi, shi kuma ya gani sarai ya yi shiru ya buga kwafi talatin, sai da muka ninke muka danna sitefila muka ga gabatarwa ta koma bangon baya, kan mai keke yana shafi na 5 ƙafafunsa suna na 20. Na ce oga me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce ai na ɗauka salon ne, ku 'yan zamani. Ga shi kuɗinmu bai kai na kala ba, baƙi da fari muka yi, duk ruwan ganyen nan da ɗorawa ya koma toka-toka, bango kaɗai muka yi wa kala.

Abin mamaki lakcara ya ɗaga mujallar a gaban aji ya ce kun gani, wannan shi ne zin, hargitsin nan da gangan suka yi, a can ma haka ake yi. Ƙarar janareta kuma wai ita ce muryar birni. Muka gyaɗa kai kamar da gaske. Ya ba mu 24, har da mutum biyun nan masu Allah ya ba da sa'a.

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Sai ƙanwata, don neman suna, ta ɗora hoton bangon a status ta rubuta yayana abin alfaharina. Ina shigowa gida da magariba na tarar da akwati a tsakar ɗaki a buɗe, Mama na zaune a gefensa da waya a hannu. Ni ɗan fari ne ba ta kiran sunana, ta ce kai wannan, zo nan. Ta ƙara girman hoton da yatsa biyu har zanen ganyen ya cika fuskar wayar. Ta ce wannan ɗan da ya rufe fuska kamar ɗan fashi, me yake yi da lefena a gadon bayansa? Na ce Mama ki yi haƙuri, firojek ne. Ta ce turmin da kakarka ta zaɓo da hannunta, na ajiye shi in ɗinka ranar aurenka. Ƙanwata ta sulale ta shige kicin. Baba da ke kan tabarma ya ɗaga rediyonsa ya ƙara murya, irin ba ruwana.

An yanke min hukunci a take, za a riƙa cire wani abu daga kuɗin motata har sai na biya kuɗin turmi biyu, ɗaya na atamfa ɗaya na ƙaryar da na yi wa tela, don sai da ta sa na kai ta wajensa. Suka zauna ita da shi suna hirar Kakuri kusan awa guda ina tsaye a rana, ya tattaro ƙyallayen da suka rage a leda ya ba ta, yana cewa Hajiya sau uku na tambaye shi.

Shi ma mai walda bai tsira ba. Mun rufe fuska, mun rufe kai, amma ba wanda ya lura da cewa agogon da ya ɗaura don gayu na babansa ne, wanda yake duba lokacin kiran sallah da shi. Wani a masallaci ya nuna wa ladan hoton. Yanzu sati uku kenan shi ke share masallaci da asuba, jiya ya turo min saƙo wai ya rubuta sabuwar waƙa a kan abin, yana tambaya ko Mama na da wani turmin don bidiyo.

Akwatin dai yanzu kwaɗo biyu ne a jikinsa. Ƙanwata ta ce ta leƙa ranar da aka buɗe, kwafi ɗaya na mujallar na can ƙasa inda atamfar take a da, an zuba masa kafur.